Shirun Ƙarfe Biyu

Oba-obar da Mai Tuta ya maka a kan teburin Injiniya akwai jini a jikinta, bai ma gama bushewa ba. Ta watsar da ƙananan notikan da ke cikin murfin gwangwani, ta ture ƙarfen narka dalma ya faɗo ƙasa yana hayaƙi. Injiniya ya ɗago kai, gilashi a kan karan hanci, ya ga ƙofar shagonsa ta toshe da mutane. Sun fi ashirin, 'yan fasa dutse ne dukansu, fururu da ƙura tun daga hular kwano har takalmi. Wasu da guduma a hannu, wasu da guntun rodi. Babu wanda ya yi sallama.

"Duba min ita," in ji Mai Tuta. Muryarsa ta dushe kamar an shaƙe shi. "Ka gaya min ko lalacewa ta yi."

Injiniya ya ɗauki 'yar rediyon hannun da yatsu biyu, ya jona ta a mita, ya danna madannin magana. Jar fitila ta kama, allura ta tashi ta tsaya daidai inda ya kamata.

"Lafiyarta ƙalau."

"To me ya sa ba a ji ni ba?" Mai Tuta ya dafa teburin da hannu biyu. Shi ne ke tsayawa da jar tuta a bakin ramin dutse ta gabas duk lokacin da za a tayar da nakiya. "An busa jiniya, kowa ya fito. Dogo ne na ƙarshe, ƙanena, ka san shi, mai huda dutse. Yana hawowa ƙafarsa ta zurma tsakanin duwatsu biyu. Ina kallonsa yana kallona. Na danna abin nan na ce tsaya. Na ce tsaya har na ji ɗanɗanon jini a maƙogwarona. Na yar da tutar na ruga, ban kai ba." Ya dubi hannuwansa. "Abin da na iya tattarowa na Dogo bai cika buhun siminti ba."

Wanda bai san garin ba zai yi mamakin abin da ya kawo su shagon mai gyaran rediyo maimakon ofishin 'yan sanda. Layi ɗaya tak hukuma ta ba ƙananan masu sana'a, a kansa kowa ke hawa: 'yan tasi, direbobin tankar ruwa, masu gadin kasuwa, motar asibiti, da 'yan fasa dutsen da ke bayan gari. Shi kuwa rediyo bai san sasanci ba. Idan mutum biyu suka danna lokaci ɗaya, mai ƙarfi ake ji, na ƙasa ko tarinsa ba ya fita. Sai kowa ya shiga ƙara wa nasa ƙarfi, aka yi ta danne-danne, har ranar da motar asibiti ta yi rabin awa tana neman a ji ta, 'yan tasi na can suna musun ƙwallo. Injiniya ne ya tara su a wannan shagon ya tsara musu zama. Ƙarfin rediyon kowa wat biyar, ba ƙari. Ka faɗi maganarka, ka saki madanni. Duk rediyon da ya auna sai ya ɗiga jan fenti a kan notin murfinsa, wanda aka ga fentinsa ya tsage an san ya buɗe. Sannan daga ƙarfe biyu zuwa biyu da minti goma kowa ya sauka, layin na 'yan nakiya ne. A cikin wannan shirun Mai Nakiya ke ƙirgawa daga goma zuwa ɗaya, yana sakin madanni bayan kowace lamba yana saurare. In bai ji an ce tsaya ba, sai ya tayar. Shekara shida ana haka, ko yatsa ba a rasa ba.

Mai Nakiya ya kutso ta cikin mutane. Dattijo ne mai furfura a gemu.

"Ni shiru na ji, Injiniya. Wallahi shiru na ji, tun daga goma har ɗaya."

Injiniya ya tashi. Ya miƙa hannu ya kunna babban rediyon da ke kan kanta, ya murɗa shi har ƙarshe. Layin da babu kowa a kai yana da ƙara, wani shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, amma oba-obar aiki an daidaita ta ta haɗiye wannan ƙarar don kada ta dami kunne. Babban rediyon ba ya haɗiye komai. Duk da haka ko ƙis bai yi ba, allurarsa kuwa ta kwanta can a ƙarshen mita.

"Shirun da ka ji ba na layi a buɗe ba ne," Injiniya ya ce a hankali. "Wani ne ya danna madanni bai saki ba, kuma ba ya cewa komai. Ya rufe ku gaba ɗaya. Har yanzu ma yana kai."

"Har yanzu?" Mai Tuta ya ce.

A nan Injiniya ya gane ya yi suɓul da baka. Kafin ya gyara zancen har an ciro masa eriyar gano inda ake dannawa daga bango, wadda take kama da ƙashin kifi, an danƙa masa. Wani ya rungumo rediyon da batirinsa. Ba a tambaye shi ko zai je ba. Hannuwa huɗu suka ɗaga shi suka jefa a bayan tifa, kamar buhu.

Tifar ta tashi da gudu. Injiniya na tsaye a tsakiya, an riƙe shi ta ƙugu, ya saka abin ji a kunne, yana juya eriyar dama da hagu. A ransa yana cewa wani ɗan tasi ne mara hankali ya zauna a kan makirfo, za a je a yi masa ihu, a fasa masa gilashi, shi ke nan. Har suka wuce kasuwa allurar ba ta ko waiwayi tashar tasi ba. Arewa take nunawa, wajen tudu. Ya ƙara matse abin jin a kunnensa. Can ƙasa da shirun, a dushe kamar daga cikin katifa, ya jiyo wani abu yana bugawa, tuk, tuk, tuk. Ya gane ƙarar. Injin famfon bayan tudu ne, inda tankoki ke ɗibar ruwa. Wat biyar ba ya tsallake tudun nan ko da tsani. A duk garin rediyo ɗaya ne zai iya, kuma da hannunsa ya yi shi.

Auta ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goya shi bayan rasuwar iyayensu. Direban tankar ruwa ne, sarkin surutu da tsokana. Bara birki ya tsinke masa a gangaren bayan tudu, tankar ta kwanta a kan ƙafarsa. Awa huɗu ya yi a ƙasa da makirfo a hannu yana kira, babu wanda ya ji shi, sai da wani makiyayi ya gifta. Tun daga nan yake ɗingishi. Da ya warke ya zo shago ya zauna a kan kanta yana kaɗa ƙafar.

"Yaya, ɗan ƙara min mana. Kaɗan, yadda in na faɗi za a ji."

"Ni na kafa dokar nan, Auta."

"To ai shi ya sa na zo wurin mai ita. Wa zai binciki mai fenti?" Ya yi dariya, sannan ya daina. "Ka san abin da na riƙa kira a ƙarƙashin motar nan? Ba motar asibiti ba. Kai nake kira."

Wannan maganar ce ta karya shi. Ya rufe ƙofa, ya kwance notin, ya kai rediyon wat arba'in, ya mayar, ya ɗiga sabon fenti ya hura masa iska har ya bushe. Ya lura a ranar cewa ƙugiyar da ake rataye makirfo a gaban motar ta karye, Auta jefa shi kawai yake yi a kan kujera. Ya ce masa ya kawo gobe a sa wata. Wata uku ke nan da wannan goben.

Tifar ta iso mararraba. Direba ya leƙo yana jiran a nuna masa hanya.

"Hagu," Injiniya ya ce. Hagu ita ce hanyar garejin tasi na sabuwar unguwa.

Mai Nakiya ya sunkuyo ya ƙura wa mitar ido. Ya kama eriyar da kansa ya karkata ta hagu, allura ta ɗan sauka. Ya karkata ta dama, ta koma ta manne.

"Shekara ashirin ina karanta mita kafin in tayar da dutse," ya ce. "Kada ka mayar da mu yara, Injiniya."

Mai Tuta ya juyo kan Injiniya. Da oba-obar nan mai jini ya kwaɗa masa a baki. Gilashin ya yi tsalle ya faɗa kan titi, leɓen ya fashe, haƙori ya yi girgiɗi. Injiniya ya haɗiye jinin. Zafin bai kai kunyar da ta rufe shi ba, don ya san da an bi hagu, wani bawan Allah da ke cin abincinsa a cikin tasi ne zai sha rodin nan, kuma da ya yi shiru ya bari. Ya riƙa roƙon Allah a zuci batirin tankar ya mutu, ko Auta ya shiga mota ya ga jar fitila. Allurar ko gezau.

Wurin famfon fili ne mai taɓo, da ɗakin inji na kwano da bishiya ɗaya. Tanka ɗaya ce a wurin, an zura mata tiyo ta sama tana sha a hankali. Auta na kwance a kan benci a inuwa, ya rufe fuska da hula. Ƙarar tifar ce ta tashe shi. Ya zauna yana mutsuke ido, ya hango yayansa a sama, ya washe baki.

"Yaya, yau kuma tifa aka hau? Girma ya ƙaru ke nan." Sai ya ga bakin. Ya miƙe. "Wa ya taɓa ka?"

Mai Nakiya ya riga ya buɗe ƙofar tankar. Makirfon ya zame ya shige tsakanin kujera da akwatin sifana, akwatin ya danne madannin. Jar fitila na ci a jikin rediyon. Dattijon ya sa hannu ya zaro shi. Nan take babban rediyon da ke bayan tifa ya saki ƙara, shuuu, har ta danne bugun injin famfo. Kowa ya ji.

"Lafiya?" Auta ya ce, yana duban wannan yana duban wancan. "Me aka yi?"

Babu wanda ya gaya masa. Rodin Mai Tuta ya sauka a kafaɗarsa, aka ji ƙas. Auta ya durƙusa, bakinsa a buɗe, mamaki ma ya fi zafin yawa a fuskarsa. Sai suka rufe shi. Takalman aiki masu ƙarfe a baki suka yi ta shiga haƙarƙarinsa, wani ya ɗauki bencin ya rafka masa a gadon baya. Wani ya fizge tiyon daga kan tankar, ruwa ya yi ta kwarara a kansu, taɓon ya koma ja. Gudumomi suka hau gilashin motar. Injiniya ya diro daga tifa ya faɗa cikinsu yana cewa ku tsaya, kuskure ne, barci yake yi, ku dubi Allah. Gwiwar hannun wani ta same shi a ido. Mutum biyu suka murɗe masa hannuwa ta baya suka danna shi a jikin taya, ya tsaya yana kallo.

Wataƙila da a nan abin ya tsaya. Duka irin na fushi gajiya yake yi, har wasu sun fara ja da baya suna haki, don ko makaho ya ga akwatin sifana ne ya danna. Amma Mai Nakiya bai gama ba. Shi ne ya tayar da nakiyar da ta kashe Dogo, kuma kuskuren akwati bai ishe shi ya sauke wannan kayan ba, mutum yake nema. Ya sa sifana ya ɓalle rediyon daga gaban motar, wayoyi na reto, ya fito da shi rana ya juya shi.

"Ku dakata," ya ce. Suka dakata. Ya tako har gaban Injiniya ya nuna masa notin. "Ga fentinka nan lafiya lau. Kai ka gaya mana da bakinka wat biyar ba ya tsallake tudun nan. Wannan ya tsallake, ya rufe mu, ya kai har shagonka. Wa ya buɗe shi?"

Fuskoki ashirin suka juyo. Mai Tuta ya matso, rodin na ɗigar da ruwa. Injiniya ya buɗe baki. Kalma biyu ce, ni ne, yaro ɗan shekara biyu ma yana faɗinta. Ya dubi rodin, ya dubi bencin da ya rabe biyu, harshensa ya kafe a dasashi. Tsoro ya ji, tsoro tsagwaronsa. Mutumin da ya tsaya a gaban gari ya koya musu ka faɗi maganarka ka saki, ga shi an ba shi layi shi kaɗai ya kasa cewa uffan.

"Ni ne."

Daga ƙasa muryar ta fito. Auta ya dogara da gwiwar hannu ɗaya, ya tofar da jini da guntun haƙori.

"A wani gari na sa aka ƙara min, da na kai ruwa. Fentin ma ni na saya na shafa. Yaya bai sani ba." Ya ɗago ido ɗaya da ya rage a buɗe ya dubi yayansa, irin kallon da yake masa tun suna yara in ya fasa abu yana so a rufa masa asiri, sai dai yau shi ke rufawa. "Da ya sani da ya ci mutuncina."

"Ashe da saninka," in ji Mai Tuta, a hankali ƙwarai.

Dukan farko na fushi ne. Na biyun a natse aka yi shi. Mai Tuta ya sa aka miƙar da hannun Auta na dama a kan dutsen da ake tare taya da shi, ya karɓi guduma a hannun wani. Ya ce wannan ne hannun da ke dannawa. Sau uku ya sauke ta. A na farko Auta ya yi ƙara, a na biyu ya kira Yaya, a na uku bai ce komai ba. Wani daga baya, wanda Injiniya bai ma san fuskarsa ba, ya kawo rodi ya sauke masa a bayan kunne. Ƙafar nan mai ɗingishi ta ɗan harba sau biyu ta kwanta.

Suka watse kamar an kore su. Tifar ta juya ta tafi, Mai Nakiya a gaba da rediyon tankar a kan cinya. Mai famfo, wanda ya kulle kansa a ɗakin inji tun farko, ya fito yana salati ya kashe ruwan.

Injiniya ya rarrafa ya tallabi kan ƙanensa. Da sauran numfashi. Ya zaro oba-obarsa daga ƙugu ya danna, ya kira motar asibiti, ya saki. Shiru. Ya sake kira, ya faɗi inda suke, ya ce rai ne. Ya kira 'yan tasi, ya kira masu gadi, ya kira duk wanda ke ji. Layin a buɗe yake yanzu, babu mai danne shi, amma tasa wat biyar ce, da jan fenti a kan notinta, kuma suna bayan tudu. Rediyon da zai iya kaiwa yana can a cinyar Mai Nakiya. Minti biyar kawai ya yi yana kira ya ji kamar zai haukace. Auta awa huɗu ya yi.

Shi da mai famfo suka ɗaga shi suka kwantar a kujerar tankar, a kan ɓaraguzan gilashi. Injiniya bai taɓa jan babbar mota ba. Haka ya hau tudun da ita tana tari tana mutuwa, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a ƙirjin Auta yana lalubar bugun zuciya.

Kwana uku Auta bai farfaɗo ba. Likita ya ce hannun dai an rasa shi, kan kuma sai abin da Allah ya yi. 'Yan sanda sun zo sun yi rubuce-rubuce, aka kama mutum biyu aka sake su, don duk ramin dutsen babu wanda ya ga komai. A gari kuwa magana ta riga ta zauna: direban tanka ya saci ƙarfi ya kashe mutum, ya kuma ci amanar yayansa. Mutane har tsayar da Injiniya suke yi a hanya suna ba shi haƙuri. Wani mai gadi ya riƙe masa hannu ya ce irinsu Injiniya su ne gishirin gari, Allah dai ya shirya na baya. Ya amsa da amin. Bai taɓa jin ya tsani kansa irin na lokacin ba.

Ran na huɗu da hantsi ya tarar da matar Auta a barandar asibiti, zaune a ƙasa ta jingina da bango, kwanon abincin da ta kawo ko buɗe shi ba a yi ba. Ta gaishe shi kamar kullum, ta tambayi bakin nasa. Ya zauna nesa kaɗan.

"Yaya," ta ce, ba ta dube shi ba, "ka san baban yaran nan ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira maƙwabci. Rediyon nan kuwa ko ƙura zai goge masa sai ya ce bari Yaya ya gani tukuna."

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Ni ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Shi ya zaɓa, ya san abin da ya sa." Ta gyara mayafinta. "Babbar ce dai ta ƙi zuwa makaranta. Wai a aji an ce babanta ya kashe mutum da gangan. Jiya ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce ta bari babanta babba ya zo, shi ya san rediyo, shi zai gaya mata."

Bai iya shiga ɗakin ba ranar. Ya fita ya taka da ƙafa har shago. Notikan na nan a warwatse a ƙasa yadda aka bar su. Babban rediyon an dawo da shi an ajiye a bakin ƙofa, ya mayar da shi kan kanta ya kunna. Gwangwanin jan fentin na kan kanta, da ɗan tsinken da yake ɗigawa da shi. Ya zauna ya dubi agogo, biyu saura kwata. Ya san garin sarai: daga biyu saura minti biyar kowa ke ƙara muryar rediyonsa yana jiran a ce a sauka. Babu lokacin da kunnuwa suka fi taruwa a kan layin kamar wannan, har da na ramin dutse. Ya san kuma tifa ba ta fi minti goma daga can zuwa nan ba. Ya tashi ya buɗe ƙofar shagon duka biyu, ya dawo ya zauna.

Biyu saura biyar ya kashe babban rediyon don kada ya yi masa kuwwa, ya ɗauki oba-obarsa, ya rufe ido ya danna.

Ya ce shi ne Injiniya. Ya ce rediyon tankar shi ya buɗe shi da hannunsa a cikin shagon nan, shi ya kai shi wat arba'in, shi ya mayar da fenti. Ya ce ya ga ƙugiyar makirfo a karye ya ce gobe. Ya ce ƙanensa ƙarya ya yi don ya cece shi, shi kuma yana tsaye ya bari aka farfasa masa hannu saboda tsoro. Ya ce jinin Dogo a wuyansa yake, ya roƙi Mai Tuta in zai zo ya zo wurinsa, ƙofa a buɗe take. Hawaye na shiga masa cikin tsagar leɓe yana yi masa zafi, bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe. Ya fi minti biyu yana magana, shi da ya hana kowa wuce numfashi uku. Ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya saki madannin.

"...saboda haka na maimaita," in ji oba-obar, da muryar Mai Nakiya, tas kamar yana tsaye a cikin shagon, "daga yau rediyon nan yana kan tudu da doguwar eriya, a hannunmu. Babu wanda zai sake rufe mu. Duk wanda ya hau layi ina magana, kansa ya yi wa, don ba za a ji shi ba. Saura minti biyu. Kowa ya sauka."

Injiniya ya zauna da abin a hannu. Ya san wannan sautin, babu kaushi ko kaɗan, aikinsa ne. Tare suka danna. Duk abin da ya faɗa bai wuce bangon shagon ba.

Ya ɗaga babban yatsa zai sake dannawa, idonsa ya faɗa kan agogo. Biyu daidai. Can nesa jiniya ta ɗauka. Wataƙila yanzu haka wani na tsaye a bakin ramin da tuta, da 'yar oba-obarsa mai wat biyar, yana iya bukatar ya ce tsaya. Ya janye yatsan.

Goma. Shiru. Tara. Shiru. Ya kunna babban rediyon, ya saurari shuuu ɗin da ke tsakanin lambobin, ya tabbatar shirun na gaske ne har aka kai ɗaya. Ƙasa ta motsa, kwanon shagon ya yi ƙara, gwangwanin fentin ya ɗan zame zuwa bakin kanta.

Biyu da minti goma layin ya dawo. Mai gadi ya nemi mai gadi, motar asibiti ta ce tana hanya. Sai wani ɗan tasi, wanda ya saba tsokanarsa, ya hau.

"Injiniya, kana kusa? Ka ji yadda muryar Mai Nakiya ta fita kuwa? Mu dai a nan mun ce ko a wane gari aka yi aikin nan, mai shi gwani ne. Kai da ka san sana'ar, me ka gani?"

Ɗan tasin ya saki. Babu wanda ya hau bayansa, kowa na jiran abin da Injiniya zai ce. Ƙofa na nan a buɗe, rana ta shigo har gindin tebur. Ya ɗora yatsansa a kan madannin.